Waken Gwaggo a Gonar Makaranta

Zuwa ga Autan Yaya, malamin gona.

Mai ɗinkin da ke ɗakin kusa da nawa ce take rubuta mini wannan. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta yi mini kwalliya. In ka ga magana mai daɗi a ciki, tata ce.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da matarka, da yaran. Ni ina nan. Gwiwa ta ƙi, idon hagu ya tafi, kunne ma sai an ɗaga murya. Shi ya sa ban kira ka a waya ba. A waya sai ka yi ta e Gwaggo, to Gwaggo, ana ajewa shi ke nan. Takarda kuwa tana nan a aljihunka tana kallon ka.

Direban da ya ba ka wannan zai ba ka kwalba. Abin da ke ciki wake ne da toka. Kada ka dafa, kada matarka ta gani ta ce sadaka ce. Irin kakarka ne, uwata da ubanka. Ƙanana ne, ja-ja, da ɗigon fari. Ita ta ba ni ranar da na bar gida, na shuka shi shekara arba'in da huɗu a gonar marigayi mijina ban taɓa fashi ba. Ka san ɗan'uwanka ɗan da na haifa, ya sayar da gonar bayan rasuwar ubansa, ya kwaso ni ya kawo nan. Gidan nan siminti ne tun daga ƙofa har makewayi, ko kaza ba ta samun abin tonawa. Damina biyu ke nan waken yana cikin kwalba. Na zuba goma a tsumma mai laima, shida suka tsaga. Baɗi ba za a samu ko uku ba. In bai shiga ƙasa bana ba, ya mutu. Na tambayi duk wanda na taɓa ba wa, ba wanda ya rage da shi. Cikin tafi biyu ne, shi ke nan abin da ya saura.

An ce makarantarku tana da gona har da awaki, kana koya wa 'yan sakandare noma da hannunsu. To ga aiki. Ka ba shi wuri nasa shi kaɗai. Yaɗo yake yi, ba ya tsayawa. Taki uku tsakanin rami da rami, ƙwaya biyu a rami. Ba ya son taki na buhu. Ba ya sauri, kada yaranka su tsaya a kansa suna jira. In ya yi, ka aiko mini rabi, ka riƙe rabi, yaran su san akwai shi.

Ban taɓa roƙon ka komai ba. Shekara uku ka yi a ɗakina kana zuwa firamare, ban ce ka tuna ba, ina dai faɗa ne.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Amin wa alaikumus salam. Da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu duka lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi, ta warke. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, wata biyu ba mu zauna ba.

Kwalba ta iso lafiya, kuma iri ya shiga ƙasa tun makon da ya zo.

Gwaggo, da za ki ga gonar nan da kin yi murna. Ɗalibai arba'in da biyu ne 'yan aji biyar, kowa da kunyarsa da sunansa a jikin katako. Yaran da suka zo ba su san yadda ake riƙe fartanya ba, wani har safar hannu ya sa ranar farko, yanzu ƙarfe shida na safe suna gona. Su ke share garken awaki, su kwashe kashin su kai ramin taki, su auna kowace akuya ranar Asabar. Wake ya tsaya tsaf, layi-layi, kai ɗaya kamar an aske, duk ya yi fure fari fat. Jami'in iri ya zo makon jiya ya duba, ya ce bai ga gonar makaranta mai tsabta irin wannan ba. In ya sa hannu, za mu sayar wa manoma iri da sunan makaranta. Shugaban makaranta ya kira sunana a gaban taron ɗalibai.

Na sa direba ya kawo miki man shafawa na gwiwa, safe da yamma. Ki gai da ɗan'uwana da iyalinsa, da mai ɗinki.

Ɗanki, Auta.

*

Auta,

Mai ɗinki ce dai. Muna lafiya. Man ya iso, yana da ƙamshi, gwiwa tana nan yadda take.

Da aka karanta mini takardarka na yi murna, ba zan ɓoye ba. Har na sa aka kira ɗan'uwanka daga shago na ce zo ka ji, wanda ba ni na haifa ba ya yi abin da ka kasa. Ya juya ya fita. Da yamma na ce wa mai ɗinki ta sake karantawa, a hankali. Ta sake. Na ce ta koma wurin layi-layi.

Auta, waken wa kake ba ni labari?

Waken kakarka bai taɓa tsayawa a layi ba. Kwanciya yake yi ya bi ƙasa, ya haye kunyar maƙwabci, ya kama ƙafar mai wucewa. Ba ya fure a wata biyu, sai ruwa ya fara ja da baya. Furensa kuma ba fari ba ne, shuɗi-shuɗi ne. Ka cika takarda da katako da safar hannu da mutumin da ya yaba maka, nawa ka ba shi layi ɗaya: ya shiga ƙasa. Marigayi ma ya shiga ƙasa. Ni tambayata, ya fito?

Tun kana yaro haka kake. Ranar da ka fasa tulu ka shigo kana ba ni labarin yadda rijiya ta cika.

Yanzu na riga na yi wa ɗana gori a kanka, ba zan iya haɗiye shi ba. Ka faɗa mini rami nawa, a ina, tushe nawa suka tsaya. Lamba nake so, ba labari ba. Direba zai juyo jibi, na ce kada ya taso sai da amsa a hannunsa.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Direba yana tsaye a bakin ofis, ya ce kin ce kada ya motsa. To ga gaskiya.

Ban ba shi wuri nasa ba. Duk taƙin ƙasa a gonar nan sai shugaban makaranta ya sa hannu, kuma na ji nauyin in je in ce ina son fili don waken gwaggona, alhali ni ne na yi shekara biyu ina roƙon a sayo mana sabon iri mai kwana saba'in. Sai na raba wa ɗalibai naki na ce su cike ramukan da namu bai fito ba. Na ce a raina zan riƙa lura da su. Sun fito, Gwaggo, tushe tamanin da wani abu, sun fi namu kore.

Akwai darasin da nake koyarwa. A gonar da za a ɗebi iri, duk tsiron da bai yi kama da sauran ba, bare ne, a tuge shi kafin ya gauraya. Na koya musu a allo, na maimaita, na yi musu gwaji a kai. Na yi niyyar gaya musu ban da masu yaɗon nan. Jami'in iri ya ce zai zo ƙarshen wata, sai ga shi ranar Laraba ba sanarwa. Ya tsaya a bakin gona ya ce yana son ya ga yaran da kansu suna cire bare, ni kuma in ba su maki.

Ba su bar ko ɗaya ba. Wani yaro yana ɗaga shi sama yana cewa Malam ga wani ƙato. Ina tsaye da takardar maki a hannuna, jami'i a damana, shugaba a haguna. Ban buɗe baki ba. Suka tara suka kai wa awaki.

Kunya ɗaya ce ta tsira, ta ƙarshe jikin shinge. Ta wata yarinya ce, yanzu 'yan ajin suna ce mata Ungozoma. Ran nan akuyarmu tana naƙuda, ɗan ya zo a karkace, yarinyar ta ƙi barin garke har ta juya shi da hannunta ya fito da rai. Ba ta zo gona ba, na ba ta sifili, haka doka take. Ruwa ya sauko kafin jami'i ya kai kunyarta. Tushe biyar ne a ciki.

Jiya shugaba ya gan su, ya ce a cire kafin jami'i ya dawo da takardar shaida. Na ce wa yarinyar in ta cire zan gyara mata makinta. Ta tambaye ni, Malam wa ya shuka su? Na faɗa mata. Ta ce to a bar mata sifilinta.

Ko in tone su in dasa a bayan gidana? Ki yafe mini.

Auta.

*

Auta,

Mai ɗinki ta ce in fara da gaisuwa. Na gaishe ka.

Kada ka taɓa su. Wake ba ya dasuwa, wannan ko ɗan shekara bakwai a garinmu ya sani, kai da takardarka ta karatun shekara huɗu kake tambayata.

Tamanin. Na sa ta karanta lambar sau biyu. Ban yi kuka ba, in kana son sani. Na dai kasa cin abinci, matar ɗan'uwanka ta ɗauka gishiri ne ya yi yawa.

Yaran ba su da laifi. Ka ce musu abin da bai yi kama da sauran ba a tuge, suka tuge. Yara masu jin magana ne, Allah ya yi musu albarka. Awakin ma ba su da laifi, su kaɗai ne a makarantar nan suka gane abin da aka ba su. Kai ne kake da baki a wurin.

Yanzu ka saurara. Ka ɗauki takardar nan ka kai wa shugaban naku, ka karanta masa. Ranka ya daɗe, naku kwana saba'in ne, ya riga ya yi fure. Za ku roro shi, ku sheƙe, ku ɗinke buhu, nawa bai ko fara tunanin fure ba. Ta ina za su gauraya? Wanda ya tafi kasuwa da safe ba ya haɗuwa da wanda ya fito da la'asar. In jami'in ya san aikinsa zai gane. In bai sani ba, ku kai shi wata kunyar.

Bayan kun kwashe naku, a kewaye biyar ɗin da ƙaya, don na san za ku saki awaki a gona. Kada a yi musu feshi, kada a ba su ruwa, raɓa ta ishe su. Kada a tsinki kwanso ko ɗaya sai ya bushe a jikin uwarsa, ka girgiza ka ji yana kacau-kacau. Wanda aka tsinka ɗanye abinci ne, ba iri ba.

Yarinyar nan 'yar wace ce? Ka ce ina gaishe ta. Ka kuma daina saye ta da maki, abin kunya ne.

Ka rubuto duk mako biyu, ko layi ɗaya ne.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na san wata biyu da rabi ke nan, na san direba ya zo sau uku ya ce ba ya samuna. Ina nan, fita nake ta ƙofar baya.

Ban karanta wa shugaba takardarki ba, amma na faɗa masa da bakina, ya yarda. Jami'in ma bai dawo ba, aikowa ya yi da takardar. Mun samu buhu goma sha huɗu. Ungozoma da ƙawayenta biyu suka yi shingen ƙaya, ita take dubawa safe da yamma. Yadda kika faɗa haka aka yi. Ruwa na ɗaukewa suka yi fure shuɗi, suka rufe kunya uku. Yaran da suka tuge na farko suna zuwa kallo. Wanda ya ɗaga ƙaton nan ya zo ya same ni ya ce Malam me ya sa ba ka faɗa mana ba.

Sai maganar noman rani. Makaranta ba ta da tarakta, aro ake ba mu, yini ɗaya a shekara, in ka rasa ranar sai baɗi. An gaya mini ranar Lahadi cewa za ta zo Talata. Na yi niyyar in tsaya in nuna wa direbanta ya kauce wa jikin shinge. Ranar Talata aka sa ni tsaron jarrabawa a ɗaya ɓangaren, shi kuma ya iso da wuri, ya fara daga jikin shingen.

Yarinyar tana cikin aji ta ji ƙarar. Ta fita ba izini, ta sha gaban tarakta tana tsinka tana zubawa a rigarta, direban yana mata tsawa. Abin da ta samu ke nan a cikin ledar nan. Na shanya su a inuwa kwana goma. Na san ba su kai ba, saura kamar mako biyu.

Na haɗa miki da ƙaramin buhu na irin makaranta, mai kyau ne, tsiro ɗari bisa ɗari. Ina so in zo da kaina in an yi hutu, in kin yarda.

Auta.

*

Auta,

Mai ɗinki ce take rubutawa, ta ce in gaya maka wannan ce ta ƙarshe da za ta yi mini a kan wake, ɗinki ya taru mata. Muna lafiya. Gwiwa ta hau zuwa ƙugu.

Leda ta iso. Mun shimfiɗa zane muka ɓare su ɗaya-ɗaya. Ƙwaya sittin da ɗaya. Ni ba ido ba haƙori, ita ta riƙa danna su da farce tana miƙo mini ina shafawa. Hamsin da biyar sun yamutse kamar fatar wuyana, ba abin da ke cikinsu. Shida ne masu ƙarfi, jan ya fito, ɗigon ya fito. Na aika maka tafi biyu, ka dawo mini da shida.

Na sa ta ƙirga mini sau nawa ka rubuta na yi niyya. Sau biyu. Ta farko ta ci tamanin, ta biyu ta ci biyar. Kwana biyu cur ka san tarakta za ta zo. Turaku huɗu da tsumma ja, yaro ɗaya zai kafa su kafin a kaɗa ƙararrawa. Ko ka gaya wa yarinyar, ita da ba ta jin nauyin kowa. Ba mugunta gare ka ba, Auta, na san ka. Kai dai in babba yana tsaye sai harshenka ya shige ciki. Ubanka ma haka yake, amma shi ba a ba shi 'ya'yan mutane arba'in da biyu ya koya musu ba.

Da ina neman gona. Yanzu ba na nema. Akwai 'yar ƙasa taki uku ta waje a bayan ɗakin mai ɗinki inda take zubar da ruwan wanki, ta ce za ta daina. Ta ishe su.

Ga yadda za a yi, ka karanta da kyau.

Buhunka yana hannun direba, ban kwance ba. Na makaranta ne, ka mayar inda ka ɗauko.

Cikin shidan na riƙe uku. Uku suna cikin ambulan da toka, ba naka ba ne, ba kuma za su bi ta hannunka ba. Direba zai tsaya a ƙofar makaranta ya ce a kira masa Ungozoma. Mai ɗinki ta rubuta mata yadda ake yi a jikin ambulan. Ta shuka a gidan ubanta, ba a gonarku ba.

Yarinyar tana bin ka maki. Ta fitar da ɗan akuya da rai ka rubuta mata sifili. Ka je ka goge, ba don ta cire komai ba. In an hukunta ta a kan fita daga aji, kai za ka je gaban shugaba ka ce kai ne sanadi, da ƙarfi, yadda zai ji.

Yaron da ya tambaye ka me ya sa ba ka faɗa ba, yana bin ka amsa. Ba ka rubuto mini abin da ka ce masa ba, don haka na san ba ka ce komai ba.

Ɗan'uwanka yana bi na haƙuri a kan gorin da na yi masa. Wannan nawa ne, zan ba shi da kaina.

Ni ba na bin ka komai. Abin da ka ɓatar ba ka da irinsa balle ka biya.

Zuwa kuwa, gidan ɗan'uwanka ne, ba na hana ka. Ka zo da yaran in ji muryarsu. Amma in damina ta faɗi kada ka aiko kana tambaya ko sun fito. In sun fito, ba aikinka ba ne. In ba su fito ba, ka riga ka san dalili.

Gwaggonka.